Ofishin da Ya Rubuta Mana Waƙafin Imarar Baba a Makka

Tun da labari ya bazu a dangi cewa Baba, Allah ya jiƙansa, ya mayar da imararsa, wato ginin hayarsa da ke unguwar Ka'akiyya a Makka, waƙafin zuriya kafin ya rasu, ban huta da tambaya ba. Wani ya tare ni a ƙofar masallaci, wata ta turo saƙon murya daga Kano, duk maganar ɗaya ce: wa ya yi muku aikin, nawa suka karɓa, kuma kun ji daɗi ko kuna cizon yatsa? Wani ofishin lauyoyi ne a nan Makka, masu rubuta waƙafi, su kuma riƙe kulawarsa idan an ba su. Ba zan kama sunansu ba, domin akwai inda zan yaba akwai inda zan yi ƙorafi, kuma irinsu sun yi yawa yanzu a Makka da Jidda da Madina, abin da zan faɗa zai yi wa mutum amfani ko wane ya nufa. Wajen rubutu da lissafi ban ga kamarsu ba. Wajen gyaran gini kuwa sun ba ni haushi, kuma zan faɗi dalili.

Mu goma sha ɗaya ne wurin Baba, daga ɗaki biyu. Kakanmu a ƙafa ya taso daga ƙasar Kano, ya yi shekaru yana aikin auduga a Jazira ta Sudan kafin ya tsallako teku daga Sawakin, shi ya sa har yau danginmu suke a warwatse bisa wannan hanya. Takwas muna tsakanin Makka da Jidda, mata biyu aure ya kai su Kano, ɗaya tana Wad Madani. Abin da Baba ya tara a rayuwarsa biyu ne: gidan da muke zaune a Rusaifa, da imarar nan mai shugga shida, wato sassan zama na 'yan haya, da shaguna biyu a ƙasa, wadda ya gina da kuɗin jigilar alhazai da ɗinkin da ya yi tun yana saurayi. A 2022 aka yi rusau a Jidda, aka share Karantina da Gulail da Sabil da sauran tsofaffin unguwannin da mutanenmu suka cika. Gidan marigayi Baffa yana ciki. Da diyya ta fito aka raba wa magada, kowa ya karɓi nasa halak malak, amma kafin shekara ta zagayo da ƙyar ka sami wanda zai nuna maka inda nasa ya shiga. Wani ya sayi mota, wani ya biya bashi, wata aka ranta a hannunta ba a dawo da shi ba. Baba bai zargi kowa ba. Cewa kawai ya yi shi ba ya son guminsa ya narke haka.

Na shiga ofishin da zaton za su yi ta zuga shi don su sami aiki. Sai na tarar zaman farko kusan hana shi suka yi ta yi. Akwai wani ma'aikacinsu Bahaushe, haifaffen Madina, shi ya matso da kujerarsa kusa da Baba yana mayar masa da maganar lauya cikin Hausa, duk da Baba yana jin Larabci sarai. Ya ce masa, "Baba, ka saurara da kyau. Daga ranar da aka sa hannu, imarar nan ta bar hannunka. Ba ka sayarwa, ba ka kyauta da ita, 'ya'yanka ba sa gadonta. Ko gobe ka ce ka fasa, babu fasawa." Baba ya ce ya sani, ai shi ne abin da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya nuna wa Sayyidina Umar game da gonarsa ta Khaibara: a tsare asalin, a yi sadaka da amfanin. Duk da haka ba su ƙyale shi ba. Suka tambayi ko ana binsa bashi, domin ba a yin waƙafi don a gudu daga masu bin bashi. Suka nemi takardar likita mai nuna yana cikin hankalinsa da lafiyarsa, saboda waƙafin da aka yi a ciwon ajali hukuncin wasiyya yake ɗauka, ba ya wuce sulusi sai da yardar magada. Sannan lauyan ya roƙe mu, ni da Yaya babba, mu ba su wuri. Daga baya Baba ya gaya mana tambayarsa aka yi ko akwai ɗan da ya matsa masa. A lokacin raina ya ɗan sosu, amma yau da wasu 'yan uwa suke ƙananan maganganu, wannan fitar da aka yi da mu ita ce kariyarmu.

Inda suka ci kuɗinsu da gaske shi ne rubuta sharuɗɗa. Duk wanda zai yi waƙafi ya san da wannan: abin da mai waƙafi ya shardanta shi alƙali zai bi bayan ransa, muddin bai saɓa wa shari'a ba, don haka kalma ɗaya da aka bari a dunƙule tana iya zama shari'ar jikoki. Sun ba Baba jerin tambayoyi ya tafi da su gida, ya kwana da su, ya yi shawara da malaminsa, wani dattijo da ya yi karatunsa a zaure a Zariya kafin ya zauna a Makka.

Nan aka fara cin karo. Baba ya so a rubuta cewa shi zai riƙa cin hayar har ya rasu, sannan ta koma kan 'ya'ya. Malam ya ce a Malikiyya mutum ba ya yi wa kansa waƙafi, kuma dole abin ya fita daga hannunsa tun yana da lafiya. Lauya ya ce kotunan Saudiyya, da galibi suke tafiya kan Hanbaliyya, suna karɓar irin wannan sharaɗi. Abin da ya burge ni shi ne bai tsaya musu da Malam ba, bai kuma nuna masa cewa nan ba Zariya ba ce. Cewa ya yi tunda zuciyar Baba ba za ta kwanta ba sai an bi abin da ya tashi a kai, to a nemi hanyar da kowane ɓangare zai amince. Aka bar wa Baba gidan Rusaifa a matsayin mallakarsa tare da ɗan abin da ke shigo masa ta wani wajen, imara kuwa ya sallama ta gaba ɗaya, ya miƙa makullai da takardun 'yan haya a gaban shaidu.

Sai maganar mata. Wani daga cikin dangi, ba zan ce wane ba, ya ba Baba shawarar a taƙaita abin ga 'ya'ya maza da zuriyarsu, wai kada dukiya ta koma gidan wasu. Lauyan da Malam a nan bakinsu ya zo ɗaya: fitar da 'ya'ya mata zalunci ne da aka lulluɓe da sunan sadaka, kuma mashhurin zance a Malikiyya shi ne waƙafin da aka yi wa maza ban da mata ɓatacce ne. Lauya ya ƙara da abin da ni ban taɓa sani ba, wato idan aka rubuta "'ya'yana da 'ya'yansu" aka yi shiru, malamai sun saɓa kan ko 'ya'yan 'ya mace sun shiga, kuma rigingimu masu yawa daga wannan gurbin suke tasowa. Baba ya ce a rubuta su ɓaro-ɓaro, jikokinsa na Kano da na Madani jikokinsa ne. Rabo kuma ya zaɓi a yi shi yadda gado yake, namiji kashi biyu mace kashi ɗaya, don kada wani ya ce ya yi dabarar kauce wa rabon Allah. Wanda ya rasu, kasonsa ya sauka kan 'ya'yansa. Ni da an bar ni da an daidaita, tunda wasu malamai sun halatta, kuma 'yan uwana mata sun fi mu bukata. Amma dukiyarsa ce, niyyarsa ce.

Ofishin ne ya nace a sa gyaran gini a gaba da kowa. Kashi 20 cikin 100 na haya ake fara cirewa a ajiye don gyara, ko da a shekarar ba abin da ya lalace. Sai ushiri na sadaka, da Baba ya ware wa marayu da gajiyayyun alhazai. Sai ladan masu kula. Abin da ya saura shi ake rabawa. Suka kuma tambaye shi, idan zuriya ta ƙare fa, ina abin zai nufa? Baba ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce ɗaliban ilimi da masu ziyara daga ƙasashenmu. Yana yawan kawo labarin mutanen Aceh na Indonesiya, waɗanda har yau alhazansu suke karɓar kuɗi a hannu kowace shekara a nan Makka daga waƙafin da wani mutuminsu, Habib Bugak, ya yi kusa da Harami tun 1809. An rushe ginin asali wajen faɗaɗa masallaci, amma waƙafin bai mutu ba, ya koma wasu gine-ginen. Baba yakan ce da yawa daga cikin mutanenmu sun bar gidaje don Allah, amma da baki suka bari, shi ya sa ba a jin ɗuriyarsu.

Wannan ya kai mu ga sharaɗin da duk mai gini a Makka ya kamata ya kula da shi. Garin nan kullum cikin sauyawa yake. Mun ga yadda aka kwashe Shamiyya a 2008, mun ga yadda sabuwar hanyar Sarki Abdul'aziz ta ratsa unguwanni. Idan hukuma ta karɓi ginin waƙafi don amfanin jama'a, ba a raba diyyar ga masu cin amfani, ajiye ta ake yi har a sayi madadi da izinin alƙali. Haka idan gini ya tsufa ya daina kawo komai, ba a sayar da shi a musanya sai kotu ta gamsu cewa maslahar waƙafin ke nan. Sun rubuta wannan dalla-dalla, har da cewa madadin ya kasance a cikin Makka in da hali.

Game da wanda zai kula, wato nazir, Baba ya so a rubuta "mafi shiriya daga cikin 'ya'yana", kamar yadda ake gani a tsofaffin takardu. Lauya ya ce wannan jimla ta sha raba zumunci, domin ba ɗan da zai yarda ba shi ne mafi shiriya ba. Aka kafa majalisar mutum uku, ɗaya daga kowane ɗaki da mace ɗaya, aka bayyana yadda za a maye gurbin wanda ya rasu ko ya gaza. Ofishin kuma wakilin majalisa ne kawai, da yarjejeniya mai wa'adi, ana iya sallamarsu. Su da kansu suka kawo wannan shawara, alhali da sun so da sun rubuta kansu a ciki har abada, Baba ba zai ƙi ba.

Aikin takardu bai ba mu wahala ba. Ta manhajar Najiz ta Ma'aikatar Shari'a aka shigar da buƙata, aka tabbatar da waƙafin, sakkin imara, wato takardar mallakarta, ya koma da sunan waƙafi. Harajin kashi 5 cikin 100 da ake biya kan cinikin gidaje tun Oktoban 2020 bai hau kanmu ba, domin an keɓe abin da aka mayar waƙafi ba tare da karɓar komai ba. Aka yi rajista a Hukumar Waƙafi ta ƙasa, aka karɓo shaida, aka buɗe asusun banki da sunan waƙafin shi kansa. Ladan rubutu da bin takardu ya kusa hayar shugga ɗaya ta shekara, kuma sun faɗa tun farko, ba su ƙara ko riyal ba. Ladan kulawa ushiri ne na abin da ya saura bayan an cire kashe-kashe. Da tsada, amma ban ga zalunci a ciki ba.

Baba ya rasu a 2024. Daga nan ne na ga bambancin da ido, domin dukiya biyu ya bari, kowace da hukuncinta. Gidan Rusaifa ya shiga gado. Sai an fitar da takardar ƙididdige magada, sai kowa ya ba da wakilci, na Kano sai sun bi ta ofishin jakadanci, wani yana son a sayar, wata tana cewa ina Inna za ta zauna. Har yanzu da nake rubutun nan ba a gama ba, kuma akwai 'yan uwa biyu da gaisuwa kawai ke haɗa su. Imara kuwa ko 'yan haya ba su ji wani canji ba. Yarjejeniyarsu tana kan Ejar, manhajar gwamnati ta rajistar haya, da sunan waƙafi, suna biya ta can, kuɗi na faɗawa asusu, lokacin rabo ya yi kowa ya ga nasa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne na ƙanwata ta Madani. Yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023, a Disamba ya iso garinsu, suka fita da yara da kayan jikinsu zuwa Gadarif. Muka yi ta neman layinta ba ya shiga, bankinta kuma ba a maganarsa. Da a hannun ɗayanmu kuɗin yake, na san halinmu, da an ce a ranta kafin ta bayyana, da niyya mai kyau kuwa. Ofishin ya ware kasonta a lissafi da sunanta, kowane rabo ana ƙara mata, ba wanda ya isa ya taɓa. Da ta samu fitowa ta iso Jidda, aka zaunar da ita aka buɗe mata takarda: ga na wata kaza, ga na wata kaza, ga jimla. Ta riƙe takardar tana kuka tana yi wa Baba addu'a. Da shi ta kama ɗaki ta sa yara makaranta.

To, ga ƙorafina. Mutanen nan lauyoyi ne da akantoci, ba su san gini ba, kuma ba sa son su yarda ba su sani ba. Tankin ruwa na saman imara ya fara yoyo, ɗan hayar shugga ta sama ya kira su, aka ce ya turo hoto. Ya tura. Aka ce za a nemo farashi daga kamfani uku, haka ƙa'idarsu take. Kafin farashi na uku ya zo ruwa ya bi bango ya sauko, fenti ya kumbura yana ɓarewa, silin ɗin banɗaki ya yi baƙi, mutumin ya kwashe iyalinsa zuwa gidan surukansa. Aikin da mai famfo na unguwa zai gama da yamma ɗaya ya zama gyaran bango da rangwamen haya. Da na je da kaina, ma'aikacin da ke riƙe da fayil ɗinmu sabo ne, na uku ke nan da aka canza mana, bai ma taɓa taka imarar ba. Kuma kamfanonin da suke kirawa farashinsu na manyan hasumiyoyi ne, ba na gini mai shugga shida a Ka'akiyya ba. Kuɗin gyaran da Baba ya tanada saboda jikoki bai kamata ya riƙa zurarewa ta nan ba.

Na biyu, rahotonsu na wata shida-shida tsaf yake, kowane riyal da rasiɗinsa, amma da Larabcin akantoci yake zuwa. Yayyena na Kano sun manta rabin Larabcinsu, 'ya'yansu kuwa ba su iya ba sam. Ni nake zama in karanta in yi musu bayani ta waya, wanda hakan ya mayar da ni tsakiya, daidai inda aka ɗauki ofis don kada ɗan uwa ya tsaya. Na roƙi a riƙa sa Bahaushen nan nasu ya yi ko da saƙon murya ne na minti kaɗan, aka ce za a duba, shiru. Tura kuɗi waje ma yana ɗaukar lokaci, kowane karo sai an sabunta takardun shaida. Wannan ban ɗora musu duka ba, na san akwai ƙa'idojin da aka gindaya musu, amma da suna sanar da mutum tun da wuri da an rage jira.

Akwai kuma abin da ba laifin ofis ba ne, halin waƙafi ne, kuma wanda bai shirya masa ba kada ya shiga. Autanmu ya so buɗe shagon kayan waya a Jidda, yana bukatar jari mai kauri. Da gado ne da ya sayar da kasonsa ya yi abin gabansa. Yanzu ba ya iya sayarwa, ba ya iya jinginar da shi a banki, sai dai ya jira rabo. Ya faɗa mini a fuska, "Yaya, Baba ya ɗaure mu." Ban iya ce masa ƙarya yake ba. Sannan yau mu goma sha ɗaya ne, jikoki sun haura arba'in, hayar shugga shida ba za ta ƙaru da yawan haihuwarmu ba. Wata rana kason mutum ba zai wuce kuɗin cefane ba. Irin wannan yana cikin abin da ya sa Siriya ta soke waƙafin zuriya a 1949, Masar ta bi baya a 1952. Lauyan ya faɗa wa Baba wannan tun a zaman farko, ya ba da shawarar a riƙa tara wani kaso don sayen ƙarin gini. Baba ya ga abin da za a raba zai yi kaɗan, ya bar wa majalisa zaɓi. Har yau muna jayayya a kai, ni ina goyon bayan a tara.

Wanda gidansa ɗaya ne tak, 'ya'yansa kaɗan, kansu a haɗe, ko ake binsa bashi, ban ga abin da zai kai shi wannan ofis ba, rabon gado ya ishe shi. Wanda kuwa yake da ginin haya, da ɗaki biyu ko uku, da 'ya'ya a ƙasashe daban-daban kamar yawancinmu a nan, ya je tun yana da ƙarfinsa, ya tafi da malamin da ya yarda da shi, kada ya sa hannu a zaman farko. Ya tambaye su wa zai riƙe fayil ɗinsa, sau nawa ake zuwa duba gini, nawa ne iyakar abin da za a kashe a gyaran gaggawa ba tare da jiran farashi uku ba, kuma a rubuta amsar a yarjejeniya.

Wa'adinmu da su ya cika bayan sallar layya da ta wuce. Majalisa ta zauna, muka sabunta, amma da gyara: lissafi da Ejar da hulɗa da hukuma suna hannunsu, gyaran gini mun karɓe mun ba autanmu da ɗan lada a kai, shi yake kiran masu aiki ya kai rasiɗi ofis. Mun nemi su rage ushirin tunda aiki ya ragu, sun sauko kaɗan bayan doguwar magana. Batun bayani da Hausa kuma na sa an rubuta shi a sabuwar yarjejeniyar, rahoton farko a ƙarƙashinta zai fito a watan Rajab.